Daga tekun Atlantika zuwa dam ɗin Bakolori: Me ya sa kifi ke neman gagarar talaka a Zamfara?

Duk wanda ya shiga kasuwar Talata Mafara ranar Talata zai tarar da kifi iri biyu. Akwai na gida, wato karfasa da tarwaɗa da ƙurungu, ɗanye ko banda, wanda masunta ke kamowa a dam ɗin Bakolori da gulbin Sokoto. Akwai kuma kifin ƙanƙara da ke zuwa a kwali, irin su Titus da sawa da kote da panla, wanda aka kamo a teku, aka sauke a tashar jiragen ruwa ta Legas, sannan ya yi tafiyar kimanin kilomita 1,000 a mota kafin ya iso.

Shekara da shekaru magidanci na da zaɓi. Idan na gida ya yi tsada sai ya koma wa na kwali. Yanzu duka biyun sun yi tashin gwauron zabo, kuma a gidaje da dama kifi ya zama abin marmari.

Mutane da yawa na ɗora laifin a kan faɗuwar darajar naira da tsadar man fetur da matsalar tsaro. Duk gaskiya ne. Sai dai akwai wani dalili da ba a cika magana a kansa ba: ana kama kifi fiye da yadda yake hayayyafa, ana kuma lalata wuraren da yake zuba ƙwai. Wannan matsala ɗaya ce, ko a tsakiyar teku ko a bakin dam.

Abin da ke faruwa a can cikin teku

Najeriya ba ta ciyar da kanta da kifi. Alƙaluman da gwamnatin tarayya ke bayarwa na nuna cewa ƙasar na buƙatar kimanin tan miliyan 3.6 a shekara, amma abin da take samarwa daga teku da koguna da gonakin kifi bai kai rabin haka ba. Da kifin waje ake ƙoƙarin cike giɓin. Saboda haka duk abin da ya taɓa teku sai ya taɓa tukunyar miya a Bakura da Maradun.

Jiragen kamun kifi na zamani masana'antu ne masu tafiya a kan ruwa. Suna da na'urorin gano inda kifi ya taru, suna da ɗakunan ƙanƙara, kuma suna iya yin makonni ba su koma gaɓa ba. Wasu na zagaye garken kifi da ƙatuwar raga a kusa da saman ruwa. Da wannan hanya, da kuma jan raga a tsakiyar ruwa, ake kama yawancin Titus da sawa.

Hanyar da ta fi ɓarna ita ce jan raga a ƙasan teku. Ana ɗaura wa ragar manyan ƙarafa don ta nutse, jirgi ya riƙa jan ta a ƙasa kamar garma. Ba ta zaɓe. Tana kwashe babba da ƙarami, da wanda ake so da wanda za a zubar, tana kuma farfasa murjani da sauran halittun da kifi ke fakewa a cikinsu. A wurare masu zurfi, wasu daga cikin waɗannan halittu kan ɗauki ɗaruruwan shekaru kafin su girma, amma jirgi ɗaya na iya share su a yini guda.

Kifin da ke rayuwa a zurfin teku ba ya saurin girma. Wani jan kifi da Turawa ke kira orange roughy na iya rayuwa fiye da shekara 100, kuma sai ya haura shekara 20 kafin ya fara zuba ƙwai. Idan aka kwashe irin wannan kifi, jikokin masunta ne za su jira dawowarsa. Wannan na cikin dalilan da suka sa Tarayyar Turai ta haramta jan raga a ƙasan teku a zurfin da ya wuce mita 800 tun shekarar 2016.

Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta ce a shekarar 1974 kashi 10 cikin 100 ne kawai na rukunonin kifin teku ake kamawa fiye da ƙima. Rahoton da ta fitar a watan Yunin 2025 ya nuna adadin ya kai kashi 35.5. A ɓangaren kifin zurfin teku kuwa, kashi 29 ne kawai ake kamawa yadda zai ɗore. Gaɓar Afirka ta Yamma na cikin wuraren da lamarin ya fi muni, inda fiye da rabin rukunonin kifin da aka auna ake kamawa fiye da ƙima.

Kanada ta ga inda wannan hanya ke kaiwa. Ƙarni bayan ƙarni ana kama kifin kod a gaɓar Newfoundland, har ana ganin ba zai taɓa ƙarewa ba. Bayan manyan jirage sun yi masa taron dangi, a watan Yulin 1992 gwamnati ta dakatar da kamun, mutum kusan 30,000 suka rasa abin yi. An ce dakatarwar ta shekara biyu ce. Sai a 2024 aka ɗage ta.

Yadda abin ke isowa Mafara

Ta hanya biyu matsalar teku ke shiga aljihun ɗan Zamfara.

Ta farko ita ce Titus. Galibinsa daga arewa maso gabashin tekun Atlantika yake zuwa, inda ƙasashe irin su Norway da Birtaniya da Iceland da na Tarayyar Turai suka daɗe suna saɓani kan rabon kason kowa. Sakamakon haka, jimillar abin da suke kamawa ta shafe shekaru tana zarce shawarar masana. A ƙarshen watan Satumbar 2025, majalisar masana kimiyyar teku da ke ba waɗannan ƙasashe shawara, ICES, ta ce ya kamata a rage kamun da kashi 70 cikin 100 a 2026. Idan kaya ya yi ƙaranci a kasuwar duniya, mai dala ne ke fara ɗauka.

Ta biyu ita ce sawa da danginta, kifin talaka. A Mauritaniya da Senegal da Gambiya an kafa masana'antu masu niƙa ƙananan kifaye su mayar da su gari da mai, a fitar zuwa Turai da Asiya don ciyar da kifin gona da dabbobi. Wani rahoto da ƙungiyoyin Greenpeace da Changing Markets suka fitar a 2021 ya ƙiyasta cewa fiye da tan rabin miliyan ake niƙawa a kowace shekara, adadin da zai iya ciyar da mutum sama da miliyan 33.

A kan wannan kuma aka ɗora batun kuɗi. Kafin watan Yunin 2023 dala ɗaya na kan kusan naira 460 a farashin gwamnati. A 2024 ta haura naira 1,500. Da dala ake sayo kifin kwali, da dizal ake ajiye shi a sanyi, da dizal ake kawo shi Arewa.

Ma'anar wannan ita ce, kifin ƙanƙara da ya daɗe yana rufa wa kasuwa asiri a duk lokacin da na gida ya yi ƙaranci, yanzu shi ma ba abin dogaro ba ne. Dole ido ya koma kan ruwan da ke ƙofar gida.

Dam ɗin da ya sauya rayuwar gulbi

An fara gina dam ɗin Bakolori a kan gulbin Sokoto a 1974, aka kammala a 1978. Kamfanin Impresit na Italiya ne ya yi aikin. An tsara shi ya riƙe ruwa kimanin kubik mita miliyan 450, tafkinsa ya mamaye kusan hekta 8,000, don a shayar da gonaki kusan hekta 23,000 a yankunan da a yau suke ƙananan hukumomin Talata Mafara da Bakura da Maradun. Hukumar raya kogunan Sokoto da Rima ce ke kula da shi.

Abin da aka fi tunawa game da dam ɗin shi ne rikicin watan Afrilun 1980, lokacin da 'yan sanda suka buɗe wuta kan manoman da ke zanga-zangar neman diyyar gonakinsu, aka yi asarar rayuka. Amma akwai wata asarar da ba ta yi ƙara ba, ita ce ta masunta.

Kafin dam, kowace damina gulbi kan cika ya malala cikin fadamu. Wannan ambaliya ita ce gidan haihuwar kifi. Tarwaɗa da ramboshi da sauransu kan bi sabon ruwa su shiga ciyawa su zuba ƙwai, 'ya'yan su girma a wurin da abinci ke da yawa kuma manyan kifaye ba su cika kai musu ba. Idan ruwa ya janye, a bar tafkuna cike da kifi, masunta su yi ta su har rani.

Da aka datse gulbin, ambaliyar ta ragu. Wani masani ɗan Birtaniya, William Adams, ya yi bincike a ƙauyukan da ke ƙasan dam ɗin, ya wallafa a 1985. Ya gano cewa fadamar da ruwa ke rufewa ta tsuke, noman shinkafa ya ja baya, kamun kifi ma ya ragu. Wato mutanen da ke ƙasa ne suka biya kuɗin ruwan da aka tara a sama.

Tafkin da aka samu ya zama sabon wurin su. Sai dai an san halin irin waɗannan tafkuna: a shekarun farko kifi kan yi yawa saboda ruɓaɓɓun itatuwa da ciyayin da ruwa ya cinye sun zama abinci, masunta su yi ta kwarara, daga baya kamu ya faɗi. A tafkin Kainji, wanda aka kammala a 1968, kamun ya kai kusan tan 28,000 a farkon shekarun 1970, amma zuwa 1978 bai kai tan 5,000 ba.

Garmar teku, tarun dam

Babu jirgin Turai ko na China a Bakolori. Kwalekwale ne da gora da taru da birgi da mamari. Amma hanyoyin da ke kashe ruwayen Arewa ƙananan 'yan'uwan na teku ne.

Tarun ja mai ƙananan idanu, wanda ake shimfiɗawa a ruwa a jawo zuwa gaɓa, aikin da yake yi ɗaya ne da na ragar ƙasan teku. Karfasa kan haƙa ɗan rami a yashin bakin ruwa don zuba ƙwai, kuma a wasu jinsunanta uwa ce ke riƙe ƙwan a baki har su ƙyanƙyashe. Tarun da aka ja ta wurin na rushe ramukan, ya kwashi uwa da 'ya'ya. Abin ya fi muni idan aka yi su da gidan sauro, al'adar da ta yaɗu a sassan Afirka da dama.

Sai zuba guba. An daɗe ana kokawa a Najeriya kan masu zuba maganin ƙwari irin su Gamalin 20 a ruwa don kifi ya taso. Gubar ba ta barin komai, kuma ƙarshenta cikin mai ci take shiga.

Akwai kuma abin da ba laifin masunci ba ne. Sare itatuwa da noma har bakin gulbi na sa ruwan damina ya kwaso yashi da laka ya jibge a dam, zurfinsa na raguwa. Taki da maganin feshi daga gonakin rani na komawa ruwa. Da rani, idan aka saki ruwa don ban-ruwa, tafkin kan janye, kifi ya taru a wuri kaɗan inda kama shi ba wuya.

Matsalar tsaro ta ƙara dagula lamarin. Maradun da Bakura da Talata Mafara duk sun sha hare-haren 'yan bindiga, kuma a watan Satumbar 2021 gwamnatin jihar ta rufe kasuwannin mako-mako, aka kuma katse layukan waya. Inda jami'in gwamnati ke tsoron zuwa, babu mai duba idon taru. Wanda aka raba da gonarsa kuma, ruwa ne wuri mafi sauƙi da zai nemi na cefane, domin ba ya buƙatar takardar fili.

A nan ne tushen matsalar yake. Ruwa na kowa ne, don haka ba na kowa ba ne. Masuncin da ya saki ƙaramin kifi yau ba shi da tabbacin cewa shi zai kama shi baɗi. Lissafin da kamfanin jirgi ke yi a Atlantika ke nan, kuma shi ne lissafin mai kwalekwale a Bakolori. Bambancin shi ne kamfani na neman riba, masunci na neman abin da iyali za su ci a daren.

Doka na nan, aiki da ita ne babu

A shekarar 1992 Najeriya ta kafa dokoki biyu. Ta kamun kifi a teku ta hana manyan jirage jan raga a mil biyar na farko daga gaɓa, don a bar wa ƙananan masunta. Ta ruwayen cikin ƙasa kuma ta hana amfani da guba da nakiya da lantarki, ta ƙayyade cewa idon raga kada ya gaza milimita 76, wato kimanin inci uku, in ban da wasu keɓantattun kayan su. Ta kuma ba kwamishinan jiha ikon rufe wani ruwa ko wani lokaci na shekara.

A matakin duniya ma an samu motsi. Yarjejeniyar da Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, WTO, ta cimma a 2022 ƙarƙashin jagorancin Ngozi Okonjo-Iweala, wadda ta hana gwamnatoci ba da tallafi ga masu satar kifi da masu kama wanda ya riga ya yi ƙaranci, ta fara aiki a watan Satumbar 2025. Najeriya na cikin ƙasashen Afirka na farko da suka amince da ita. A cikin gida, Shugaba Bola Tinubu ya kafa ma'aikatar harkokin teku a watan Agustan 2023, aka kuma mayar da sashen kamun kifi ƙarƙashinta.

Sai dai ma'aikatar da ke Abuja, wadda hankalinta ke kan tashoshin jiragen ruwa, ba za ta iya gadin tafki a Maradun ba. Ko babban shirin TRIMING da Bankin Duniya ya amince da shi a 2014 kan kusan dala miliyan 495, wanda Bakolori na cikin wuraren da ya gyara, ya fi mayar da hankali ne kan magudanan ruwa da ƙungiyoyin manoma masu amfani da ruwan.

Darasi daga Argungu da Kainji

Ba sai an je Turai neman magani ba. A ƙasan wannan gulbi dai Argungu take. Abin da ke sa a fito da manyan giwan ruwa a bikin kamun kifi, wanda ake dangantawa da shekarar 1934 kuma UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016, shi ne hana su a Matan Fada har sai ranar da aka ba da izini. Sarkin Ruwa da masarauta ne ke tsare wannan doka, jama'a kuma na bi saboda suna ganin amfaninta.

A Kainji ma, a shekarun 1990, wani shirin haɗin gwiwa tsakanin Najeriya da Jamus ya yi aiki da sarakunan ruwa da gwamnatocin Neja da Kebbi. An ƙidaya masunta da jiragensu, an riƙa rubuta abin da ake kamawa, an shigo da lasisi, sannan aka haramta tarun da ake kira dala, wanda ake jan warangi da shi amma yake kwashe 'ya'yan sauran kifaye. Darasin da ya bari kashi biyu ne: doka na tafiya idan masunta na cikin masu yin ta, kuma tana yin rauni idan aka daina sa ido.

Idan za a ɗauki wannan darasi a Bakolori da tafkin Natu na Bakura da sauran ruwayen yankin, matakan a bayyane suke.

Na farko, a san adadin masunta da irin kayan da suke aiki da su, a kuma riƙa rubuta abin da ake saukewa a bakin ruwa. Cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa da ke New Bussa da jami'o'in Sokoto da Gusau na da masu wannan ilimi.

Na biyu, a ware wasu lunguna na tafkin da ba a shiga, a kuma tsayar da su a farkon damina, lokacin da kifi ke zuba ƙwai. Masarautun Talata Mafara da Bakura da Maradun da sarakunan ruwansu ne suka fi kowa ikon sa a bi wannan.

Na uku, kada a ƙwace tarun talaka a bar shi hannu rabbana. Musanya ya kamata a yi, a karɓi mai ƙananan idanu a ba shi wanda doka ta yarda da shi, a kuma sama masa abin yi a watannin hutu. Damina ce, lokacin noma, kuma ruwan magudanan dam na iya ɗaukar kiwon tarwaɗa da karfasa a tafkunan gona.

Na huɗu, hukumar da ke buɗe ƙofofin dam ta riƙa sa kifi cikin lissafinta. Sakin ruwa a daidai lokacin da fadamun ƙasa ke buƙatarsa zai amfani manomi da masunci baki ɗaya.

Wa zai fi jin jiki?

Kifi ne nama mafi sauƙin samu ga talaka, domin ana iya sayen gutsure ɗaya a ɗanɗana miyar gida duka. A Zamfara, inda ƙungiyoyin agaji irin su MSF ke kula da dubban yara masu fama da tamowa, rasa wannan gutsure ba ƙaramin abu ba ne. Bayan masunta, akwai mata masu banda da suya, da dillalai, da masu sassaƙa kwalekwale, da masu saƙar taru, duk a kan wannan ruwa suke.

Ɗan Mafara ba shi da ta cewa kan kason da Norway za ta kama, ko masana'antar da za a kafa a Nouadhibou ta Mauritaniya. Amma yana da ta cewa kan tarun da za a jefa a Bakolori. Kuma yana da wata dama da masuntan Kanada ba su samu ba: karfasa da tarwaɗa na fara hayayyafa cikin kimanin shekara guda, don haka damina biyu ko uku na hutu da kiyaye doka na iya nuna bambanci a cikin kwando.

Hausawa sun ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Tambayar da ke gaban gwamnatin Zamfara da masarautun uku da su kansu masunta ita ce ko za su zauna su tsara hutun tun kafin damina mai zuwa, ko kuwa sai ranar da aka jawo taru babu komai a ciki.